Na Sayar Wa Dattijo Abin Da Ba Shi Gonarsa Ke Buƙata Ba

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi a Jega, Jihar Kebbi. Na taƙaita ta, na kuma cire sunayen da ya ambata.

"Assalamu alaikum, Baba. Na karanci aikin gona a Zuru, kuma shekara uku ke nan da yayana ya zuba jari muka buɗe shagon taki da iri da maganin feshi. Saboda karatun da na yi, manoma sukan zo da ganye ko kara a hannu su tambaye ni abin da ke damun gonarsu, har sun laƙaba mini Malamin Gona. A farkon noman ranin nan wakilin wani kamfani ya kawo mana takin ruwa na feshi a kwalba, ya yi alkawarin babur ga duk shagon da ya sayar da kwali 40 kafin girbi. Wani dattijo, aminin marigayi mahaifinmu, ya zo da ganyen shinkafarsa ya yi rawaya. Ina gani na san yunwar takin yuriya ce, amma sai na ce masa ya fesa wannan takin, ya sayi kwalba 6. Shinkafar ba ta farfaɗo ba sai da wani ya sa shi ya zuba yuriya, bayan kusan mako biyu sun wuce. Bai ce mini komai ba. Yakan gaishe ni idan zai wuce, amma sayayya sai shagon gaba, kuma na lura mutanen ƙauyensu ma sun ja baya. Yayana ya ce kasuwa muke yi ba wa'azi ba, kuma kayan ai ba jabu ba ne. Ni kuwa na kasa samun natsuwa. Shin mutum zai iya zama ɗan kasuwa kuma mai ba da shawara a lokaci guda? Sannan in je in faɗa wa dattijon gaskiya, ko in bar abin ya wuce?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kuma albarkaci neman ku.

Mutum iri biyu ne ke tsayawa a gaban shagonka, kuma hakkinsu a kanka ba ɗaya ba ne. Akwai wanda zai zo ya ce a ba shi buhun takin kamfa biyu da lita ɗaya ta maganin ciyawa. Wannan ya riga ya yanke shawararsa tun daga gida, abin da ke wuyanka kawai shi ne kaya mai kyau, awo cikakke da farashin da babu zalunci a ciki. Akwai kuma wanda zai kwance bakin rigarsa ko ya zaro leda daga aljihu, ya ɗora maka ganye a kan tebur ya ce, "Malam, duba mini." Wannan na biyun ya ajiye nasa hukuncin ya ɗauki naka, kuma duk abin da ka faɗa shi zai aikata da kuɗinsa da guminsa. Dattijon nan a sahu na biyu ya zo maka, kai kuma ka sallame shi kamar ɗan sahu na farko. A nan ne abin ya lalace, kuma ina ganin zuciyarka ta riga ni sanin haka, tunda ga shi ta hana ka barci.

Maganar yayanka cewa kayan ba jabu ba ne, na yarda da ita, sai dai ba ta taɓa matsalar ba. Takin feshi yana da inda yake amfani, musamman a wajen sinadaran da shuka ke buƙata kaɗan-kaɗan, irin su zinki, wanda shinkafar da ke zaune cikin ruwa takan rasa. Amma kai da ka zauna a aji ka san lissafin da dattijon bai sani ba. Yuriya kashi 46 cikin ɗari na nauyinta naitirojin ne, wato buhu ɗaya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kwalbar lita ɗaya kuwa, ita kanta da ruwanta duka ba ta wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, don haka ko me aka rubuta a jikinta, naitirojin ɗin da ke ciki ba zai kai kilo guda ba, alhali hekta ɗaya ta shinkafa kilo gommai take ci kafin ta ƙoshi. Mai jin yunwar tuwo ne ka ba shi lasar zuma. Zumar ta gaskiya ce, amma da yunwarsa ya kwana.

Kuma kada ka raina mako biyun nan. Irin da yawancin manomanmu ke dasawa, wato FARO 44, bai fi wata huɗu ba daga shuka zuwa girbi, kuma makonnin da ke biyo bayan dashe su ne lokacin da shinkafa ke fitar da 'ya'ya. Kowane ɗa mai ƙarfi zangarniya ce a gaba, wanda kuma bai fito a kan lokaci ba, ba za a dawo da shi da taki daga baya ba. A cikin waɗannan kwanaki dattijon bai daina ban ruwa ba, injinsa na shan fetur kullum, fetur ɗin da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin da ya fi cin kuɗin manomin rani a fadamunmu. Ka ga ke nan kuɗin kwalba 6 shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya rasa.

Shirun da ya yi kuwa, kada ka ɗauke shi a matsayin bai gane ba. Mutumin da ya yi zaman amana da mahaifinka ba zai tsaya a bakin kasuwa yana ɗaga murya da ɗan amininsa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Amma idan maƙwabcin gonarsa ya tambaye shi abin da ya sami shinkafarsa, zai ba da labari yadda ya faru, ko da bai zage ka ba, kuma labarin zai bi majalisa da ƙofar masallaci da bakin gulbi har ya isa kunnen kowa a ƙauyen. Manoma suna yafe wa mai shago tsadar kaya, suna yafe kuskuren da aka yi da zuciya ɗaya. Abin da yake musu wuyar mantawa shi ne su gano cewa wanda suka tambaya ya san amsa, ya ba su wata don aljihunsa. Daga ranar duk abin da ka faɗa sai an auna shi, har gaskiyar da ka faɗa, saboda ba su da hanyar rarrabe lokacin da Malamin Gona ke magana da lokacin da mai neman babur ke magana.

Yayanka ya ce ba wa'azi kuke yi ba, ni ma ba zan tsawaita a nan ba. Zan tuna maka hadisi ɗaya ne kawai wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Ma'ana, shawara ajiya ce, hukuncinta hukuncin kuɗin da aka ba ka ka riƙe. Sayar da kaya da cin riba halal ne, babu mai jayayya da wannan, amma da zarar an ce "duba mini" to an ba ka ajiya.

Yanzu ga tambayarka ta farko. E, mutum yana iya zama ɗan kasuwa kuma mai ba da shawara, kuma a halin da muke ciki ma dole ne a sami irinku. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma sami manyan injinan casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu, jama'a da yawa suka shiga noman shinkafa, har da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar da ba su gaji fadama ba. Malaman gona na hukuma ba su isa kowane ƙauye ba, don haka teburin mai shagon magani ya zama ofishin da manomi ya fi saurin kaiwa. Wanda ke zaune a bayan teburin nan, in yana da ilimi, alheri ne babba ga yankinsa, in kuma ya karkatar da ilimin, ɓarnarsa ta fi ta jahili, domin shi an fi yarda da shi.

Abin da zai sa ka riƙe aikin biyu ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba shi ne ka tsare jerin da suke bi. Idan aka kawo maka ganye, ka manta da abin da ke kan kantarka har sai ka gama faɗin ciwon. Ka tambayi kwana nawa da dashe, wane taki aka zuba kuma yaushe, ruwa na kwana a fangali ko yana tsanewa, rawayar daga tsofaffin ganyen ƙasa ta fara ko daga sababbin sama, domin yunwar naitirojin daga ƙasa take farawa, ta salfa kuwa a sabon ganye take bayyana, sannan akwai cutar da ke sa ganyen shinkafa rawaya wadda babu takin da ke maganinta. Inda ganye ɗaya bai ishe ka ba, ka ce sai ka ga gonar, don ba a cinikin biri a sama. Bayan ka faɗi ciwon sai ka faɗi magani mafi sauƙin kuɗi da zai yi aiki, ko da abin da ba ka sayarwa ne, ko da ma ba saye ba ne gaba ɗaya, kamar a zubar da ruwa, ko a cire ciyawa, ko a dakata kwana uku a gani. In magani ne, ka kira shi da sunan sinadarin da ke cikinsa, ka nuna masa inda aka rubuta a jikin kwalba tare da lambar rajistar NAFDAC, yadda ko a Birnin Kebbi ko Sakkwato ya je zai iya saye ba tare da kai ba. Sai a ƙarshe ɗan kasuwa ya yi magana, ya ce ga wanda nake da shi, ga farashinsa. Kuma in akwai kamasho ko kyautar da kake ci a kan wani kaya, ka faɗa da bakinka: "Baba, wannan kamfanin yana ba mu wani abu idan mun sayar, don haka ka san da wannan kafin ka zaɓa." Za ka ga kamar faɗin haka zai kori ciniki. Abin da na gani a rayuwa shi ne mutane sun riga sun san ana cin kamasho, ɓoyewar ce ke sa su zargi.

Akwai wani mai shagon magani da na sani shekarun baya a wajen Argungu, ya rasu yanzu, Allah ya gafarta masa. Wata rana ina zaune a bencinsa wani manomi ya shigo da damin zangarniyar shinkafa da ta yi fari fat babu ƙwaya a ciki, hankalinsa a tashe, kuɗinsa a hannu, yana neman maganin feshi mafi ƙarfi. Mai shagon ya karɓi kara ɗaya ya ja zangarniyar, ta zare ba wuya, ya tsaga karan da farcen babban yatsa ya nuna masa ramin da tsutsa ta yi da ɗan garin kashinta a ciki. Ya ce masa wannan ɓarnar ta riga ta auku, duk zangarniyar da ta yi fari ba za ta dawo ba, tsutsar kuma tana can cikin kara inda feshin da yake nema ba zai yi wani abin kirki ba. Ya mayar da kuɗinsa aljihu, bayan girbi ya kawar da kututturen ya kife ƙasar, baɗi kuma ya zo da wuri tun yana ganin tsakiyar shuka na bushewa. Manomin ya fita ransa a ɓace, a gabanmu ya tsallaka titi ya sayi magani a wani shago. Mai shagon bai ce komai ba, ya share teburinsa ya ci gaba da hirar da muke yi. Ba zan ce maka ya mutu da dukiya fiye da maƙwabtansa ba, shagonsa bai fi nasu girma ba. Abin da yake da shi wanda ba su da shi shi ne, ranar da ya ce wa manomi "wannan kam saya ka fesa yau," babu mai zuwa neman ra'ayi na biyu, kuma idan kaka ta yi, bashinsa ake fara biya. Na kawo maka wannan ne don kada ka ɗauka ina yi maka alkawarin cewa gaskiya za ta cika shagonka a mako ɗaya. Mai yiwuwa ne ka rasa babur ɗin nan, kuma wasu za su fita su saya a gaba.

Abin ma ya wuce kai da abokin cinikinka. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar sinadarin fiya-fiya da aka samu a ciki, kuma wannan guba a wajen ajiya ake zuba ta, sau da yawa bisa shawarar wani a bakin shago. Mai shagon da zai ce wa manomi ya sayi buhun PICS, wato buhun ajiya mai hawa uku da iska ba ta shiga, ya ɗaure wakensa babu magani, ya san ya rage wa kansa cinikin kwalba, amma waken nan 'ya'yan wani ne za su ci, wataƙila ma nasa.

Game da wakilin kamfani, ba maƙiyinka ba ne, aikinsa yake yi, kuma ba sai ka yi faɗa da shi ba. Illar tana cikin tsarin kyautar ne. Rangwamen da ake yi wa mai sari a kan kowane kwali ba ya matsa wa harshenka, amma kyautar da aka rataya a kan adadi da wa'adi tana matsawa, kuma matsin yana ƙaruwa ne daidai lokacin da ka kusa cikawa, ranar da saura kwali 5 girbi kuma ya matso. A irin wannan ranar ce kowane ganye ke zama mai buƙatar takin feshi a idonka. Ka nemi ya mayar muku da kyautar rangwamen farashi, ya kuma yarda ya karɓi abin da bai shiga ba. Sannan ka gwada kayan da kanka: fangali biyu gefe da gefe, iri ɗaya, ranar dashe ɗaya, taki ɗaya, a fesa wa ɗaya a bar ɗaya, a auna abin da kowanne ya bayar. In ya nuna amfani, ka sami abin da za ka faɗa da ƙarfin zuciya, gani ya kori ji. In bai nuna ba, ka ajiye shi don gonar da ke buƙatarsa kawai.

Yayanka kuwa ka bi shi a hankali, domin kuɗinsa ne a cikin shagon, kuma yana da hakkin ya damu da riba. Kada ka yi masa maganar a shago gaban yara, kada kuma ka je masa da sigar wanda ya fi shi tsoron Allah, wannan ba zai haifar da komai ba sai gaba. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i da littafin cinikinku a hannu. Ku buɗe shi tare ku tara abin da dattijon nan da mutanen ƙauyensu suka saya a wurinku cikin shekara ukun nan, damina da rani, taki da iri da magani, ku fitar da ribar, sannan ku ajiye ta kusa da kuɗin babur ɗaya. Ɗan kasuwa ya fi jin wannan harshen. Daga nan ka nemi ku raba aiki a fili: sari da farashi da bashi nasa ne, ba za ka sa masa baki ba, amma abin da za a faɗa wa manomin da ya zo da ganye naka ne, shi ma ba zai sa baki ba. Idan ya ƙi wannan sam, to shawarata mai ɗaci ce: ka ajiye sunan Malamin Gona. Ka sayar wa kowa abin da ya ambata da bakinsa, mai tambaya kuma ka tura shi wajen malaman gona na KARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Kebbi. Zama ɗan kasuwa zalla ba abin kunya ba ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka ci gaba da amsa sunan alhali bakinka ba naka ba ne.

Saura dattijo. Ka je, kuma ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ka jira ya zo wucewa ka tare shi a bakin shago, inda idon jama'a zai tilasta masa ya ce ba komai. Ka same shi a gida ko a gona da yamma, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba tun mahaifinku na da rai, sannan ka faɗi abin a taƙaice: "Baba, ranar da ka kawo mini ganye na san yuriya shinkafarka ke so, amma na ba ka wani abu saboda kyautar da aka yi mana alkawari. Na ci amanarka, na zo neman gafara." Kada ka jingina laifin ga kamfani ko ga yayanka, kada kuma ka rage shi ka ce kuskure ne, domin shi ma ya san ba kuskure ba ne. Ka ajiye masa kuɗin kwalba 6 ɗin daga aljihunka, ba daga asusun shago ba. Zai yiwu ya ƙi karɓa, irin dattawan nan sukan ce ai ɗa ba ya biyan uba. In haka ta faru, ka mayar da kuɗin buhun yuriya ko abin da ya sawwaƙa ka aika gidansa washegari. Kada ka ambaci ciniki ko ka roƙe shi ya dawo shagonku, wannan zai ɓata zuwan gaba ɗaya, kuma dawowarsa da rashinta nasa ne.

In lissafina ya yi daidai, yanzu shinkafarsa tana dab da ɗaukar ciki, lokacin zuba yuriya na biyu ke nan. Idan ya ce ku taka zuwa fadama ka duba masa, ka cire takalmi ka shiga fangalin, ka duba gindin shukar da ƙarƙashin ganye, ka faɗa masa abin da ka gani da adadin da ya kamata ya zuba. In kuma ka san shagon gaba ya fi ku sauƙin yuriya a makon nan, ka faɗa masa wannan ma.